Iguwana a Lokacin Barbara: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Kiwo

Mai kiwon iguwana yakan yi shekara biyu ko uku lami lafiya, sai wata rana dabbar da ta saba hawa kafaɗarsa ta taso masa baki buɗe, ko ta daina cin abinci ta shiga tonon kusurwar keji. Daga nan ake fara tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne ko'ina. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi koriyar iguwana, wadda aka fi kiwo a gidaje.

1. Wace irin dabba ce iguwana? Dangin damo ce ko guza?

Babban ƙadangare ce, asalinta ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka, daga kudancin Meziko har zuwa Birazil da Faraguwai, da wasu tsibiran Karebiyan. A kan bishiya take zama, galibi a bakin kogi, in ta tsorata ta faɗa ruwa ta yi iyo. Babban namiji yana kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, wutsiya ce ta kwashe fiye da rabin wannan tsawon. In ta sami kulawa tana yin shekara 15 zuwa 20.

Wanda ya ga hotonta zai iya cewa damo ne, amma ba gidansu ɗaya ba. A wajen masana ta fi kusa da ƙadangaren bango da hawainiya. Bambancin da ya fi shafar mai kiwo shi ne na abinci: damo da guza nama suke ci da ƙwari da ƙwai, ita kuwa ganye ne abincinta, sai fure da ɗan 'ya'yan itace. Za a ga muhimmancin wannan a tambaya ta 12.

2. Yaya zan gane tawa namiji ce ko mace?

Kafin shekara ɗaya da wuya a tabbatar, ko da mai sayarwa ya rantse. Bayan sun fara girma alamu sukan fito fili. Namiji yana da babban kai, da kumatu masu nama, da faffaɗar fata da ke rataye ƙarƙashin haɓa, ƙayoyin bayansa ma sun fi tsawo. Alamar da ta fi inganci tana cikin cinya: akwai jerin ƙananan ramuka a ƙarƙashin kowace ƙafar baya. Na namiji manya ne, suna fitar da wani abu mai kauri kamar kaki wanda yake gogawa a reshe don barin ƙamshinsa. Na mace ƙanana ne, kamar ɗigon allura. Namiji kuma yana da kumburi biyu a gindin wutsiya, inda al'aurarsa guda biyu suke ɓoye.

3. Yaushe take balaga, kuma wane wata ne lokacin barbara?

A daji tsakanin shekara biyu da uku. A gida, inda abinci bai yankewa, namiji yana iya balaga tun yana shekara ɗaya da rabi. Girman jiki ya fi adadin shekaru tasiri.

A ƙasarta ta asali rani ne lokacin barbara. A Fanama, alal misali, ana barbara a ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa, mata su saka ƙwai a tsakiyar rani lokacin da ƙasa ta ɗumama ba ruwan da zai cika rami, 'ya'ya su ƙyanƙyashe da faɗuwar damina wajen Afrilu da Mayu, daidai lokacin da sabon ganye ya tsiro. A gida wannan lissafi yakan rikice, domin fitila da na'urar ɗumama ɗaki ne suka zame mata rana da yanayi. Wata takan shiga a Nuwamba, wata a Maris, wasu mazan ma sau biyu a shekara. Abin da ke da amfani shi ne ka rubuta watan da taka ta fara bana, domin yawanci a kusa da shi za ta sake baɗi.

4. Namijina ya koma ruwan goro, ya rage ci, ba ya zama wuri ɗaya. Ciwo ne?

In dai idonsa a buɗe yake tar, yana da ƙarfi, yana hawa yana sauka, yana shan ruwa, to lokacinsa ne ya zo. Launin ruwan goro yakan fara daga ƙafafu da ƙayoyin baya da fatar haɓa. Zai riƙa gyaɗa kai da ƙarfi, yana baza fatar haɓa, yana sintiri a keji, ramukan cinyarsa su cika su yi tsini. Za ka iya tsintar wani farin abu busasshe a reshe ko a ƙasa. Maniyyi ne da ya daskare, ba tsutsa ba ce. Wannan hali yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, wani ya zarce, sannan ya lafa ya koma cin abincinsa.

Abin da ba na lokacin barbara ba ne: kwanciya shame-shame, rawar yatsu ko ƙafafu, kumburin muƙamuƙi, rama mai sauri har ƙashin ƙugu ya fito. Waɗannan aikin likita ne. Haka kuma in al'aurarsa ta fito ta ƙi komawa, a rufe ta da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, kada a bar ta ta bushe, a kai shi likita a ranar.

5. Me ya sa yake kai mini hari, ni da na rene shi tun yana ƙarami?

Ba butulci ba ne. A daji babban namiji yakan kama bishiya guda ko rassa kaɗan ya ce nasa ne, ya kori duk namijin da ya matso, ya nemi duk macen da ta shigo. A gidanka ba shi da kowa sai kai, don haka kai ne ko dai abokin gaba ko abin nema. Wanda ya fi sabo da mutane ma shi ya fi haɗari a wannan lokaci, domin ba ya jin tsoron kowa.

Da wuya ya kai hari ba gargaɗi. Zai miƙe a kan ƙafafunsa huɗu, ya matse jikinsa ya ba ka gefe don ya ƙara girma a idonka, ya baza fatar haɓa, ya ɗaga wutsiya tana karkarwa, ya buɗe baki. Wanda ya ga haka ya ci gaba da miƙa hannu, shi ya jawo wa kansa. Akwai kuma irin wanda ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan: sai ya biyo ka a hankali a baya, ya yi tsalle ya kama wuya ko kafaɗa. Wannan nema yake yi, ba faɗa ba, amma haƙoran ɗaya ne.

6. Ni mace ce, kuma na lura ni kaɗai yake bi a gidan. Akwai dalili?

Ba ke kaɗai ba ce. Likitocin dabbobi a Amurka sun rubuta rahoton mazan iguwana da ke kai wa matan gida hari, musamman a kwanakin al'ada, kuma ana ganin ƙamshin jiki ne yake ja. Masu kiwo da dama kuma sun lura cewa wani launin tufafi yana tayar masa da hankali, launin kuwa ya bambanta daga dabba zuwa dabba. In kin gane naki, ki ajiye wannan rigar sai lokacin ya wuce.

A waɗannan watanni ki bar wa wani aikin ba shi abinci da share keji in da hali. Kada ki ɗora shi a kafaɗa, kada ki sunkuya fuskarki ta zo daidai da shi, kada ki kwanta barci a ɗakin da yake yawo a sake. Sauran matakan suna tambaya ta 7.

7. Me zan yi in rage masa wannan tashin hankali?

Ba abin da zai kashe shi gaba ɗaya, sai dai a rage, a kuma tsare kai har ya wuce. Fara da abin da idonsa yake gani. Cire madubi daga ɗakin, ka rufe duk gilashin da yake hango kansa a ciki, domin namijin da yake gani a can abokin gaba ne da ba ya guduwa. In akwai wata iguwana a gidan, kada su hangi juna ko daga nesa. In ka saba barin sa yana yawo a gida, taƙaita shi a kejinsa ko ɗaki guda, yankin da zai tsare ya ragu. Wasu sukan rage awannin hasken fitila daga 12 ko 13 zuwa kamar 10, kuma yakan taimaka. Amma kada a taɓa zafin wurin shan rana, wanda ya kamata ya tsaya wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, kada kuma a kashe fitilar UVB, wato fitilar da ke ba da irin hasken rana da jikinta ke buƙata don amfani da sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi. Sanyaya dabba don ta yi laushi zalunci ne, kuma hanjinta ba ya narkar da ganye sai da zafi.

Dabarar da mutane suke jin nauyin faɗa amma take aiki ita ce a ba shi abin da zai huce a kai: tawul da aka nannaɗe, ko 'yar tsana mai laushi wadda ba ta da maɓalli ko wani abin da zai haɗiye. Ka ajiye ɗaya kusa da ƙofar keji, in ya taso ka jefa masa. Da yawa sukan kama shi su bar mutum.

Idan za ka shiga wurinsa, sa riga mai dogon hannu da takalmi rufaffe, ka riƙe wani faffaɗan abu kamar katako ko kwali mai kauri tsakaninku. Kada ka doke shi, duka sai ya ƙara masa tabbacin cewa faɗa ake yi. Kada ka kama shi ta wutsiya, tana iya tsinkewa, kuma ta babba ba ta cika tsirowa da kyau ba. Yara kuwa babu su babu wurinsa har sai ya lafa.

8. In ya cije ni fa?

Haƙoransa ƙanana ne amma masu zarto a gefe, an halicce su don yanka ganye, kuma suna yanka fata yadda ya kamata. In ya kama ya ƙi saki, kada ka fizge, fizgar ce take mayar da huji ya zama tsaga. Tallafe jikinsa don nauyinsa kada ya ja naman, ka rufe masa kai da tsumma, yawanci zai saki. Wanke wurin sosai da sabulu da ruwa mai gudana. In raunin ya yi zurfi, ko yana fuska ko yatsa, je asibiti, ka gaya musu ƙadangare ne ya cije ka, a duba kuma ko allurar tetanus ɗinka tana nan.

9. In na samo masa mace, ba zai huce ba?

Wannan ita ce shawarar da aka fi bai wa mai kiwo, kuma ita ce mafi muni. Namijin da ya sami mace bai daina tsare yanki ba, ƙarawa ma yake yi, don yanzu yana da abin da zai yi kishi a kai. Ka zo neman sauƙi ka ƙare da dabba biyu, keji biyu, da mace mai rauni.

Barbarar iguwana ba ta da taushi. Namiji yakan danne mace ya cije ta a wuya ya riƙe har ya gama. A daji in ta gaji ta sauka ta koma wata bishiya. A keji ba ta da inda za ta, sai ya yi ta bin ta kullum, wuyanta ya yi gyambo, ƙayoyinta su karye, ta kasa zuwa wurin abinci da wurin ɗumi. Wani lokaci macen ce take juyowa ta ji masa. Bayan duk wannan kuma ga ƙwai masu rai da dole ka san yadda za ka yi da su (duba tambaya ta 15). Maza biyu a keji ɗaya kuwa, ko a zance kada a kawo.

10. Fiɗiya tana magani?

Wani lokaci, ba kullum ba. 'Ya'yan marainan iguwana suna can cikin ciki, kusa da manyan jijiyoyin jini, don haka fiɗiyarta babbar tiyata ce da sai an sa ta barci, ba irin ta bunsuru ba. Sakamakon kuma ba shi da tabbas. Wanda aka yi wa kafin ya balaga ya fi samun sauyi, sai dai ba zai yi babban kai da kumatu irin na maza ba. Wanda ya riga ya shekara da shekaru yana wannan hali, sau da yawa yakan ci gaba. In kuwa faɗansa na tsoro ne, ko na ƙuncin keji, ko na rashin sabo da hannu, wato yana yi duk shekara ba a lokaci guda ba, to wuƙa ba ta da abin da za ta gyara. A gwada matakan tambaya ta 7 na lokaci ɗaya ko biyu tukuna, kuma kada a yarda wanda bai saba da dabbobi masu jan ciki ba ya yi aikin.

11. Tawa mace ce, ba ta taɓa ganin namiji ba. Za ta yi ƙwai?

Tana iya yi, kamar yadda kajin gidan gona suke ƙwai ba zakara. Wannan ne abin da ya fi zo wa masu kiwo ba zato. Lafiyayyar mace balagaggiya takan ɗauki ƙwai sau ɗaya a shekara, daga 20 har zuwa 70 gwargwadon girmanta, ko da yake wata takan tsallake shekara. Ƙwan ba zai ƙyanƙyashe ba, amma wahalar da jikinta zai sha daidai take da ta wadda aka yi wa barbara.

Alamomin su ne: da farko ci ya ƙaru, sannan ya riƙa raguwa har ta kusa daina ci gaba ɗaya a makonni uku ko huɗu na ƙarshe, domin ƙwai sun cika cikin ba wurin abinci. Cikin zai faɗaɗa, wani lokaci har a ga tudun ƙwai ta gefe, ƙafafu da gindin wutsiya kuma su rame. Sai ta shiga sintiri da tono. Hoton asibiti shi yake tabbatarwa, ya kuma nuna adadin.

12. Yaya zan kula da ita a wannan lokaci?

Kalsiyam shi ne kan gaba. Ɓawon ƙwai hamsin daga jikinta zai fito, in abinci bai wadatar ba sai ya zaro daga ƙashinta. Daga nan ake samun muƙamuƙi mai laushi, karaya ba dalili, da rawar jiki. Don haka shiri yana farawa tun kafin ta daina ci: ganye masu duhun kore da yawa, irin su zogale da ganyen kabewa, da kabewar kanta a goge, da kuɓewa da koren wake, a barbaɗa garin kalsiyam bisa yadda likita ya tsara. Latas ruwa ne kawai, alayyafo da kabeji kuma a yi su jefi-jefi. Kada tausayi ya sa a ba ta dafaffen ƙwai ko nama ko abincin kyanwa wai don ta yi ƙarfi; irin wannan abinci yana lalata mata ƙoda.

Kalsiyam ba ya shiga jiki sai da hasken UVB. Rana ta gaskiya ta fi kowace fitila, amma ba ta bayan gilashin taga ba, domin gilashi yana tare wannan haske, kuma dole a sami inuwar da za ta koma. Fitilar UVB tana daina aiki tun tana ba da haske, ana canza ta bayan wata shida zuwa shekara gwargwadon irinta. Ruwa kuma ya zama a gabanta kullum, a riƙa yi mata feshi da wanka a ruwa mai ɗumi. Dabbar kurmi ce da ta saba da laima mai yawa, wanda yake kiwonta a inda ake hunturu mai bushewa sai ya ninka ƙoƙari a nan.

Rage mata rassa masu tsayi, ko ka sa mata tudun hawa mai sauƙi. In ta faɗo da ciki cike, ƙwai yana iya fashewa a ciki, wannan kuwa yana kisa. Rage ɗaukarta ma, in ya zama dole ka tallafe ta daga ƙirji, ban da matsa ciki.

13. Wane irin wuri take buƙata don saka ƙwai?

A daji rami take tonawa a ƙasa mai yashi da rana ke duka, mai tsawon mita ɗaya ko fiye, ta yi ɗaki a ƙarshensa, ta saka ƙwan, ta cike ramin. In ba ta sami inda ya yi mata ba, tana iya riƙe ƙwan har ya zame mata ciwo. A gida ana amfani da babban akwati ko babbar robar ajiya mai murfi, a huda ƙofa a gefe ta sama daidai shigarta. A cika da ƙasa da yashi a gauraye, zurfin aƙalla rabin mita, a jiƙa daidai yadda in ka dunƙula zai riƙe, in ka matse ruwa ba zai ɗiga ba. Ya zama da ɗumi, wajen digiri 29 zuwa 30, a kuma ajiye shi a inda ba a yawan wucewa. Sa shi da wuri, tun ta fara rage ci.

Sauran aikin haƙuri ne. Za ta shiga ta fita, ta tona ta bari, kwana da kwanaki. In ta shiga da gaske kada a riƙa buɗe murfi ana leƙe. Idan ta gama za ta fito a yamushe kamar ba ita ba, fata na reto a gefe. Ba ta ruwa, ka yi mata wanka mai ɗumi, ka ajiye abinci. Wata takan tsare wurin na 'yan kwanaki, har ta kai wa mai kwashe ƙwan hari, gara a fitar da ita daga ɗakin kafin a tona.

14. Yaya zan gane ƙwai ya maƙale, kuma ko gara a cire mata mahaifa tun wuri?

Ka'idar mai sauƙi ce: mai ciki da ba ta ci amma tana da kuzari, tana kallon abin da ke motsi, tana tono, lafiya take. Wadda ta kwanta ba ƙarfi, ido ya faɗa, ko tana nishi ba abin da ke fitowa, ko ta saka kaɗan ta tsaya ciki na nan a cike, ko jikinta na rawa, wannan ba ta jiran gobe. Kada a matsa mata ciki, kada a ɗura mata mai. Likita zai ɗauki hoto ya auna jini. In hanya a buɗe take yakan ba da ruwa da kalsiyam da allurar naƙuda, in ba haka ba sai tiyata. Akwai kuma nau'in da ƙwan ba ya ma barin ma'ajiyarsa, ya tsaya a matsayin gwaiduwa ba ɓawo, wata da watanni. Shi ma yawanci tiyata ce ƙarshensa.

A kan cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, amfaninsa ya fi na fiɗiyar namiji (tambaya ta 10) bayyana nesa ba kusa ba, domin yana kawo ƙarshen matsalar dungurungum. Macen da ta taɓa maƙalewa, ko wadda take fita daga kowace shekara a galabaice, ta cancanci a yi mata. Tiyatar da aka shirya a kan lafiyayyar dabba ta fi ta gaggawa a kan wadda ta riga ta jigata aminci.

15. To, in bar su su hayayyafa ko kada in bari?

Ga kusan kowane mai kiwo a gida, amsar ita ce kada ka bari. Ba don aikin ya gagara ba. Ƙyanƙyasar ƙwan iguwana ba ta da wuya sosai, kuma nan ne matsalar take. Ka ɗauka ƙwai 40 sun fashe. Kowane ɗa tsawonsa bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba a ranar farko, amma kowannensu zai nemi fitilar zafi da ta UVB da yankakken ganye kowace safiya. Cikin 'yan watanni manya za su fara danne ƙanana a wurin abinci, dole a rarraba su. Cikin shekara uku ko huɗu kowanne zai buƙaci wuri mai girman ƙaramin ɗaki, mai tsayin kusan mita biyu. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: ina mutum 40 da na sani da za su iya riƙe wannan dabba shekara 15 zuwa 20, su jure abin da aka bayyana a tambaya ta 5 da ta 14?

Tarihin kasuwar ya riga ya ba da amsa. A shekarun 1990 ana shigar da 'ya'yan iguwana Amurka dubban ɗaruruwa a shekara, yawancinsu daga gonakin kiwo na ƙasashe irin su El Salbado da Kolombiya, ana sayar da su da araha ga mutanen da ba su san girman da za su yi ba. Da yawa ba su kai ga girma ba, ciwon ƙashi ya kashe su. Waɗanda suka rayu kuma suka cika wuraren karɓar dabbobin da masu su suka gaji da su. Duniya ba ta ƙarancin koriyar iguwana, masu iya riƙe ta ne suka yi kaɗan.

Masu cewa ai dabba ma tana da haƙƙin ta ga 'ya'yanta, su sani uwar iguwana ba ta reno. Tana cike rami ta tafi, 'ya'yan su fito bayan wata uku su kama gabansu. Barbara kuma ba ta ƙara wa mace lafiya, ba ta rage wa namiji faɗa.

16. Ba a samun kuɗi a ciki?

A koriya ta gama-gari, a'a. Ba za ka iya gasa da gonakin da suke kiwonta a fili ƙarƙashin ranar ƙasarta ba, kuɗin wuta da fitilu da ganye kaɗai zai cinye abin da ka sayar. Masu samun wani abu su ne ƙwararrun da suke fitar da launuka na musamman, ja da shuɗi da zabiya, su ma da jari da wuri da masu saye a hannu tun kafin ƙwai ya fashe. Zabiyar kuma takan zo da raunin gani, kula da ita ya fi wuya.

17. In sun yi mini yawa, ba sai in sake su a daji ba?

Wannan ne ya jefa wurare da dama cikin bala'i. A jihar Fulorida ta Amurka an fara ganin ta a sake tun shekarun 1960, yau tana cinye shuke-shuke, tana tona ramuka a ƙarƙashin hanyoyi da bangon magudanan ruwa. A 2021 hukumar kula da namun daji ta jihar ta sa ta cikin dabbobin da aka haramta mallaka, waɗanda suke da ita tun da can sai da izini. A babban tsibirin Kayman gwamnati ta fara kashe su a 2018, aka kashe fiye da miliyan ɗaya. Fuwato Riko da Fiji da Taiwan duk suna fama. A wasu tsibiran Karebiyan kuma tana barbara da wata 'yar'uwarta ta asalin wurin, har irin waccan yana neman ɓacewa.

Duk ƙasa mai zafi da ruwa tana iya zama haka, don haka sakin ta ba tausayi ba ne. Ta fuskar doka kuma, iguwana tana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan cinikin namun daji, ƙetare iyaka da ita sai da takarda. Wasu wurare, kamar Hawai da birnin New York, sun hana kiwonta ma baki ɗaya. Bincika dokar inda kake kafin ka yi tunanin ƙara ko guda.

18. Na ji duk wannan, kuma ina da wuri da masu karɓa. Yaya ake yi?

Mace ta kai aƙalla shekara uku, cikakkiya, likita ya duba su duka biyu. Kowa da kejinsa. A haɗa su na ɗan lokaci kana tsaye, da katako a hannu don rabawa, in an gama a mayar da kowa wurinsa, a duba wuyanta a wanke rauni. Daga barbara zuwa saka ƙwai kamar kwana 65 ne, kulawar kuwa ita ce ta tambaya ta 12 da ta 13.

Ƙwan yana da ɓawo mai laushi kamar fata. A tono shi a hankali, a sa ɗigon fensir a samansa, a ajiye shi yadda aka same shi. Ba a juya shi yadda ake juya na tsuntsu, juyawa tana kashe ɗan. A binne rabinsa a abin shimfiɗa mai riƙe laima cikin akwati mai murfi da 'yan huji, a injin ƙyanƙyasa mai zafin digiri 29 zuwa 31. Yakan ɗauki wajen kwana 90, wani ya kai 120. Zafin ba ya zaɓar jinsi kamar yadda yake yi a ƙwan kada. In ɗa ya tsaga ɓawo ya zauna a ciki kwana ɗaya ko biyu, a bar shi, yana shanye ragowar gwaiduwa ne, kuma ita za ta riƙe shi kwanakin farko kafin ya fara ci. Masu bincike a Fanama sun ga jarirai suna cin ƙasar rami da kashin manya don samun ƙwayoyin hanji masu narkar da ganye. Wasu masu kiwo suna kwaikwayon haka, amma sai da kashin babbar da aka gwada aka tabbatar ba ta da tsutsa.

Gida mai iguwana da yawa kuma gida ne mai ƙwayar cutar salmonela da yawa, wadda ke sa mutum gudawa da zazzaɓi, domin suna ɗauke da ita a hanji ba tare da ta dame su ba. Wanke hannu bayan kowace taɓawa, kada a wanke kwanukansu a inda ake wanke na abinci. In akwai yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a gidan, ko mai juna biyu, ko tsoho mai rauni, wannan kaɗai ya isa a fasa.

19. Me zan yi da ƙwan da ba na so?

In macen ba ta taɓa haɗuwa da namiji ba, ƙulle su a leda ka zubar, ba komai a ciki. In ta taɓa haɗuwa, ko ka karɓe ta daga wani ba ka san tarihinta ba, ɗauke su a matsayin masu rai: sa su a firiza kwana ɗaya ko biyu, ko ka tafasa su, tun a ranar da aka saka su kafin ɗa ya fara haɗuwa, sannan ka zubar. Kada a binne su a lambu ko a jefa a juji haka nan, a ƙasa mai ɗumi suna iya ƙyanƙyashewa da kansu. Kafin ka zubar ka ƙirga su, in an ɗauki hoto a baya ka gwada da adadin da likita ya gani, domin ko guda ɗaya ya rage a ciki sai an koma asibiti.